Ƙyanda Ba Ta San Baƙo Ba

Idan ruwan kogin Haɗejiya ya janye bayan kaka, fadama ta kan cika da mutane. Fulani su kan gangaro da shanunsu, masunta su kafa bukkoki a bakin ruwa, 'yan ci-rani su zo aikin lambu. Daga Auyo har Kiri Kasamma da Guri haka abin ya ke. To, daga hunturu zuwa bazara, a lokacin nan ne ƙyanda ta kan yawaita. Ita ce waɗansu ke kira baƙon dauro.

In ta shigo, sai mu ji mutanen gari suna cewa baƙi ne su ka kawo ta. A ruga kuwa cewa a ke yi a gari a ka ɗauko. Wannan gardama ba ta warkar da yaro.

Ƙyanda iska ta ke bi. Mai ita ya yi tari ko atishawa, na kusa ya shaƙa. Yaro ya kan fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, tun uwarsa tana zaton mura ce. A goya shi zuwa kasuwa, a je da shi rijiya. Cikin yara 10 marasa rigakafi da su ka zauna tare da shi, wajen 9 za su kamu. Waɗansu ta bar su da makanta, waɗansu gudawa ko ciwon huhu ya kashe su.

An sami allurar ƙyanda a Amurka cikin 1963. A asibitocin gwamnati kyauta a ke yin ta, sau biyu: yaro yana wata 9, sa'an nan yana wata 15. Ba a hana ɗan baƙo. Wani yaro ya kan yi ɗan zazzaɓi bayan allura, amma ba ya daɗewa.

Wahalar baƙi ita ce labari ba ya kai musu, kuma kafin allura ta biyu sun tashi. A nan ne karatunmu zai yi amfani. Mu duba katin yaron maƙwabci, mu karanta masa ranar komawa, mu ce ya riƙe katin duk inda ya sauka. Idan mai unguwa ya yi shelar zuwan masu allura, a tashi wani ya je ruga ya gaya wa arɗo, ya biya ta sansanin masunta.

Tambaya: Yaro yana wata nawa a ke yi masa allura ta biyu? Ku rubuta amsa.