Amsar wasiƙa: "Sa'o'ina duk sun wuce ni"

Wannan wasiƙa daga Zariya take. Mai sauraronmu ɗan shekara 27 ya ce ya gama hidimar ƙasa, ba aiki, ba aure, kuma da ya buɗe Facebook sai ya ga abokin karatunsa cikin sabuwar mota ko a wurin ɗaurin aurensa, har barci ya fara gagararsa. Tambayarsa: shi ne ya lalace?

Ɗan'uwa, ba ka lalace ba. Masana halayyar ɗan Adam sun san wannan ƙunci da ke kama matashi bayan ya bar makaranta, kafin ya kafu. Tun 1954 Leon Festinger, wani masani Ba'amurke, ya bayyana cewa mutum in ya rasa ma'aunin da zai gwada kansa, sai ya gwada da na kusa da shi. A makaranta akwai jarrabawa da sakamako. Ranar da ka karɓi takardar shaida wannan ma'auni ya ɓace, sa'o'inka suka maye gurbinsa. Su kuwa ranar bikinsu kawai waya ke nuna maka, bashin lefe ba ya fitowa a hoto. A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun sa ɗalibai taƙaita shiga shafukan sada zumunta zuwa minti 30 a rana har mako uku, kaɗaici da ƙuncinsu suka ragu.

Wani zai ce, Malam, rufe waya ba ya sa kuɗi a aljihu. Gaskiya ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas, ɗan jami'ar kuɗi kuwa yajin bai shafe shi ba. Ai wannan ma hujjata ce: tun da ba wuri ɗaya kuka tashi ba, lissafin wa ya riga wa ba shi da tushe. Wani kuma zai ce gasa ce ke zaburar da mutum. Tana zaburarwa in ka je ka tambayi abokin nan yadda ya fara, wa ya koya masa, nawa ne jarinsa na farko. Kallon motarsa daga nesa ba ya koya maka komai. A nan ne juriya ke shigowa, domin abin da bincike ya sha nunawa shi ne masu farfaɗowa daga irin wannan hali galibi suna da mutanen da suke jingina da su, babba mai ba da shawara ko ubangidan sana'a. Mai jin kunyar sa'o'insa kuwa su yake fara gudu, har ya daina zuwa majalisa.

Rashin barcin nan kuma, in ya haura mako biyu, ka je asibiti ka ga likita.