Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Ruɓar da Dusar Ɓawon Kwakwa

Wani mai sauraro ya tambaya ko ƙananan halittu na iya ruɓar da dusar da ke saura bayan an cire zaren ɓawon kwakwa. Amsar ita ce suna iya, ko da yake dusar na ɗauke da liginin, wato sinadarin da ke ƙarfafa itace, wanda ke sa ta shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. A jihar Kerala ta Indiya, inda sana'ar zaren ta bunƙasa, akan jera dusar hawa-hawa da irin naman kaza mai suna Pleurotus da takin yuriya, ana yayyafa ruwa, har cikin kusan kwana 30 ta zama taki mai riƙe danshin ƙasa.