Yadda Ake Koyon Kamo Mota Idan Bayanta Ya Zame

Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san bambancin ja da turi. Abin da kake ja, bin ka yake yi. Abin da kake turawa kuwa, da ka ɗan fi ƙarfi a hannu ɗaya sai ya karkace ya nufi kwata. Motoci ma haka suka kasu. Yawancin ƙananan motocin yau, irin su Corolla da Golf da Fijo 406, tayoyin gaba ne ke jan su. Motar tsere kuwa, irin su Mazda MX-5 da Toyota GT86 da Ford Mustang da Porsche 911, tayoyin baya ne ke tura ta, na gaba aikinsu nuna hanya kawai. Wannan rabon aiki shi ke sa ta daɗin tuƙi, shi ne kuma ke sa wata rana a tsakiyar kwana bayanta ya nemi riga gabanta wucewa.

Tsofaffin direbobinmu ba baƙin wannan hali ba ne. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da tayoyin baya take tafiya, haka Marsandi, haka Hilux idan ba a sa mata giyar tayoyi huɗu ba. Wanda ya yi lodi da su a hanyar burji da damina ya san yadda gindin mota ke rawa. Bambancin dai shi ne motar tsere ta fi su ƙarfin inji, don haka abin da Fijo za ta yi maka gargaɗi kafin ta yi, ita yi kawai take yi.

Kafin a taɓa sitiyari, sai an fahimci taya. Abin da ke haɗa mota da ƙasa wurare huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Riƙon da taya ke yi wa kwalta kamar kuɗin cefane ne: adadinsa ƙayyadadde ne, abin da ka kashe a nama ba za ka same shi a kayan miya ba. Tayar baya tana kashe riƙonta wuri biyu, wajen tura mota gaba da wajen hana ta sulluɓewa gefe a kwana. Idan ka danna totur da yawa alhali kana cikin kwana, turi ya cinye kuɗin, babu sauran abin da zai riƙe gefe, sai baya ya tafi. Wannan ita ce zamewar da kowa ya sani.

Akwai ta biyu, wadda ta fi cin amana. Mutum ya shigo kwana da gudu, ya tsorata, ya ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya. Nauyin mota sai ya tuttulo gaba, kamar yadda fasinja ke dungurawa, tayoyin baya su yi sakayau, riƙonsu ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Tsofaffin Porsche 911, waɗanda injinsu ke can bayan tayoyin baya, sun yi suna da wannan. Abin takaicin shi ne direban yana ganin ya yi abin hankali, ya rage gudu, alhali shi ne ya jefa motar.

To, ina ake koyo? Ba a kan titi ba, ba kuma a gaban ɗakin biki ba kamar yadda samari ke wasa da mota mutane na tsaye a kewaye. Ana neman fili shimfiɗaɗɗe da aka killace, babu sandar wuta, babu dakali, babu rami, a jiƙa shi da ruwa sharkaf, da malami a kujerar gefe. Hikimar ruwan ita ce yana saukar da gudun da mota ke zamewa a kansa. Abin da sai ka kai kilomita 100 a awa zai faru a busasshiyar kwalta, a jiƙaƙƙen fili za ka same shi a 30 ko 40. A gudun 40, mota na cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. A gudun 100 tana cin kusan mita 28. Kuskure ɗaya ne, amma a fili dariya za a yi maka. A ƙasar Suwidin, shiga irin wannan fili mai santsi yana cikin sharuɗɗan samun lasisin tuƙi, kuma kamfanonin mota na kai sababbin motocinsu Arjeplog, can arewacin ƙasar, su gwada su a kan tafkunan da suka daskare.

Sai a duba mota: iskar taya daidai da abin da kamfani ya rubuta, birki lafiya, babu kwalba ko jak da zai yi ta gangara a ciki. Sannan zama. Yawancin masu sha'awar irin waɗannan motoci kishingiɗa suke yi, hannu ɗaya a saman sitiyari. Wannan zaman ɗaukar hoto ne. Matso da kujera har ya zama idan ka take kulochi ƙasa gwiwarka ba ta miƙe sarai ba. Miƙa hannu: wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta rabu da kujera ba. Hannaye biyu su zauna ƙarfe tara da ƙarfe uku, kamar a fuskar agogo. Ka ja bel ya kama ƙugu sosai, domin labarin zamewa ta mazauni da baya yake fara zuwa, kafin ido ya ankara.

Motocin zamani na da na'urar da ke hana su zamewa, wadda Marsandi da Bosch suka fito da ita a 1995, kuma tun Nuwamban 2014 dole ce ga kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai. Tana lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar ke juyawa, idan sun saɓa sai ta rage ƙarfin inji ta kama birkin taya ɗaya. Zagayen farko a yi shi tana kunne, don a ji aikinta. Daga nan a kashe ta, domin ba a koyon iyo da tulu a ƙirji har abada.

Darasin farko shi ne ka bari motar ta ka da kai. A jera mazugi a yi da'ira, ka sa giya ta biyu, ka riƙa zagayawa a hankali, sitiyari a tsaye wuri ɗaya. Sai ka danna totur da ƙarfi, kada ka gyara komai. Bayan zai fita, motar ta yi juyin katantanwa. Da ka ga ta juya, ƙafa biyu ƙasa: hagu a kulochi, dama a birki, ka danne har ta tsaya cak. Kulochin don kada inji ya mutu, birkin don motar ta tafi wuri ɗaya da za a iya hasashe, maimakon ta kama ƙasa ba zato ta harba wani gefe. Idan mai canza giya da kanta ce, birki kaɗai ya isa. Yi haka sau biyar ko shida. Tsoron juyawa shi ke sandarar da hannun ɗan koyo, kuma ba ya fita sai an juya an ga ba a mutu ba.

Darasi na biyu ido ne. Mota inda ka kalla take zuwa, ko ka so ko ka ƙi, saboda hannu bawan ido ne. Wanda ya ƙura wa bishiya ido yana addu'ar kada ya buge ta, ita zai buga. Idan baya ya fita, gilashin gaba yana kallon cikin da'ira ne, hanyar da kake so kuwa ta koma ta tagar gefe. To ka juya kai ka kalle ta ta tagar. Malamai kan yi ta maimaita wannan har ɗalibi ya gaji da ji, kuma suna da gaskiya, domin rabin gyaran da za a yi bayaninsa a ƙasa ido ne ke yin sa ba tare da an yi tunani ba.

Yanzu gyaran kansa. Kana zagayawa hagu, baya ya zame dama. Sitiyari sai ya tafi dama, wato gefen da bayan ya nufa, don tayoyin gaba su ci gaba da fuskantar inda motar ke tafiya. Abu biyu ke da muhimmanci a nan, sauri da awo. Gyara kaɗan da wuri ya fi gyara mai yawa a makare, domin juyin mota ƙaruwa yake yi, kuma akwai iyakar da in ya wuce ta sitiyari ya ƙare, babu sauran abin murɗawa. Motar ma tana taimako: yadda aka ɗan kwantar da ƙafafun gaba yana sa sitiyari ya nemi juyawa da kansa zuwa gefen da ya dace. Wanda ya ƙanƙame shi kamar za a ƙwace masa yana faɗa ne da mai taimakonsa. Riƙo sassauƙa ake so.

A daidai lokacin, ƙafar dama na nata aikin. Idan totur ne ya jawo zamewar, a sassauta shi, amma sassautawa ba ɗaukewa ba. Rage shi a hankali har tayoyin baya su daina juyin banza, ka bar ɗan kaɗan wanda zai tsare nauyi a baya. Birki kuwa a bar shi, muddin akwai fatan kamo motar, saboda yana ƙara kwashe nauyi daga tayoyin da suke neman agaji.

Sai wurin da ya fi kowanne wuya, wanda a ganina shi ne ainihin sana'ar. Ka gyara, bayan ya daina fita. Akwai ɗan lokaci, bai kai daƙiƙa ba, da motar ke tsayawa a karkace kamar tana shawara. Ɗan koyo a nan yake sakin numfashi, yana cewa ya kamo ta. Bai kamo ta ba. A lokacin zamewa jikin motar ya kwanta gefe ɗaya ya danne sifirin, kamar baka da aka ja. Da tayoyin baya sun sake kama ƙasa, sifirin zai saki, bayan ya dawo da ƙarfi. Idan a wannan lokacin sitiyari na nan a dama inda ka kai shi, motar za ta yi biyayya ga abin da ka ce mata: ta harba dama, bayan ya wuce ya fita hagu, da ƙarfin da ya fi na farko. Ka bi shi a makare, ya koma ɗaya gefen, kowane lilo ya fi na baya, har a ƙare a rami. Motoci da yawa da ake gani sun bar titi ta wani gefen da ba wanda ya zata, dawowar nan ce ta kai su.

Maganin shi ne a fara mayar da sitiyari tsakiya tun bayan yana shirin dawowa, ba sai ya dawo ba, kuma a mayar da shi da saurin da aka kai shi. Ana gane lokacin ta jiki: matsin da kake ji a haƙarƙari ya tsaya da ƙaruwa, abin da kake kallo ta tagar gefe ya daina gudu. Gyara, ɗan jira, mayarwa. Hannayen da suka zauna tara da uku suna da amfani a nan, domin sun san inda tsakiya take ko da ido na waje. Wanda ya yi ta wurga hannu kan hannu yakan ɓata lissafin zagaye nawa ya murɗa.

Wannan sai maimaici, hagu da dama, domin kusan kowa yana da gefen da ya fi masa sauƙi. Idan kamowa ta zauna, sai a gwada ɗaya zamewar: a shigo da'ira da ɗan gudu, a ɗauke ƙafa gaba ɗaya, a ji yadda baya ke yin sakayau. A nan gyaran ƙafa akasin na farko ne, ɗan totur ake mayarwa a hankali don nauyi ya koma baya. Direban da bai iya bambance zamewar nan biyu ba zai ba mara lafiya maganin wata cuta.

Daga nan ne wasu ke wucewa zuwa riƙe zamewa da gangan, a zagaye da'ira duka a karkace, totur na tsare da kusurwa, sitiyari na tsare da hanya. Japanawa ne suka mayar da wannan wasa mai zaman kansa a hanyoyin duwatsunsu, kuma Keiichi Tsuchiya da ƙaramar Toyota AE86 tasa shi ya fi kowa yaɗa shi. Yana da daɗin kallo, yana kuma koya wa ƙafa taushi, amma yana cin taya kamar gara, kuma ba shi ne bukatar mai tuƙin yau da kullum ba.

Ƙasashen arewacin Turai sun gano wani abu game da wannan horo da ya kamata a faɗa. Samarin da aka koya wa kamo mota na yini guda sukan fito suna jin sun iya, su ƙara gudu a kan santsi. Shi ya sa darasin can ya karkata zuwa nuna wa ɗalibi yadda mota ke saurin ƙwacewa da tsawon da take ci kafin ta tsaya. A fili kana jiran zamewar, ka san kwanar, babu tirela a gabanka. A titi kuwa zuwa take yi kana tsakiyar hira, ranar ruwan farko bayan rani, lokacin da ƙura da baƙin mai da suka taru wata da watanni suka jiƙa suka zama kamar karkashi, ko a bakin kwanar da iska ta tara yashi.

Idan an gama, a bar mota ta ɗan zagaya a hankali inji da birki su huce. A duba tayoyin baya, domin yini ɗaya na iya cinye musu abin da wata uku ba su ci ba, kuma zanen da ya sauka zuwa milimita 1.6 ya kai iyakar da doka ta yarda da ita a Turai. A sake auna iska bayan sun yi sanyi. Sannan, kafin a fita ƙofar fili, a danna maɓalli a mayar da na'urar hana zamewa, a tabbata fitilarta ta mutu a allon gaban direba.