Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Masu Safarar Mutane Ke Farautar Matasa a Intanet

Game da tambayar mai sauraro daga Unguwar Gano a Tarauni, masu safarar mutane kan fara ne da saƙon Facebook ko WhatsApp. Sukan yi wa yarinya alƙawarin aikatau a Libiya, su ce kuɗin mota da na takardu na wuyansu. Kuɗin nan shi ke zama bashin da ake tsare ta da shi bayan an wuce Agadas, galibi an ƙwace mata waya. Babbar alamar yaudara ita ce a ce mata kada iyayenta su sani. Hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, da aka kafa a 2003, tana da ofishin shiyya a Kano. Can ake kai rahoto, ko wurin 'yan sanda, tun kafin a kama hanya.