Amsoshin Tambayoyinku: Yaro da Rubuta Abin da Ya Gani

Wasiƙarmu ta farko daga Funtuwa take, wata malama ce mai koyar da aji huɗu. Ta ce duk ranar da ta sa ɗalibanta su rubuta sakin layi ɗaya kan wani abu da ya faru, sai su yi zuru, wasu su kwafi na kusa da su, wasu su miƙo takarda fara fat. Tana neman mafita.

To Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ki fara duba irin batun da kike ba su. Yaron da bai taɓa barin garinsu ba, idan aka ce ya bayyana tafiya a jirgin sama, dole ya yi zuru. Amma ki kasa kunne idan an fita tara, za ki ji shi yana zuba wa abokansa labarin akuyar da ta kutsa cikin aji, har da kwaikwayon kukanta. Labarin yana nan a bakinsa, don haka daga baki za ki fara.

Ki ta da yaro ɗaya ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ki riƙa jan sa da tambaya: yaushe ne, a ina, su wa ke wurin, me ya fara faruwa, yaya aka ƙare? Abin da ya faɗa ki rubuta a allo yadda ya faɗe shi, kada ki ƙawata masa. Misali: Jiya da hantsi akuya ta shigo ajinmu. Sai ta nufi jakar monita. Can ta ciro ƙosai ta fara ci. Muka yi ta ihu, ta fita da gudu. Jimla huɗu ke nan, kuma sakin layi ya cika. Ajin ya karanta tare, sannan ki goge komai, ki bar kalmomin da ke jan labari kawai: jiya, sai, can, ki ƙara musu da daga nan, a ƙarshe. Kowa ya ɗora nasa a kansu.

Inda na fi roƙonki shi ne wajen gyara. Yaron da ya ga takardarsa ta yi jawur da jan biro ba zai ƙara sakin hannu ba. A makon farko ki duba aya da babban baƙi kaɗai. Daga baya ki shiga raba kalmomi, ya san "ya ce" ake rubutawa ba "yace" ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su biyo baya. Wani lokacin kuma ki karanta musu ɗan guntu daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, su nuna miki inda abin ya soma da inda ya ƙare.

Sai wani bawan Allah daga Azare, yana tambaya ko rubutu da Hausa ba zai hana ɗansa iya Turanci ba. Malam, ba zai hana ba. Yaron da ya iya jera abin da ya faru daki-daki da harshen da yake tunani da shi, kalmomi kawai suka rage masa a ɗaya harshen. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamaren jihohin Bauci da Sakkwato ma da Hausa suke fara wa yaro. Da daddare ka tambaye shi abin da ya gani a hanyar makaranta, ya faɗa, ya rubuta da Hausa, gobe ya gwada juya jimla biyu zuwa Turanci.