Darasin Lafiya: Kafson Ampiclox

'Yan'uwa cikin Kristi, da wuya a shiga kemis a ƙauyukanmu ba a ga Ampiclox ba. Magani biyu ne cikin kafso ɗaya, ampicillin da cloxacillin, kowanne miligiram 250, dukansu dangin fenisilin. Aikinsu kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, irin masu kawo maruru da gyambo. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro ko mura. Ba ya "wanke jini", ba ya hana ɗaukar ciki, ko da yake ana ta faɗin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen ƙwaya biyu ko huɗu don kuɗi bai kai ba. Mutum ya ji sauƙi, ya daina sha. Ƙwayoyin cutar da suka rage sai su saba da maganin, ran da yaro ya kwanta a ba shi, ya ƙi aiki. Saboda haka bari ma'aikacin lafiya ya duba ku tukuna, kuma ku cika kwanakin da ya faɗa.

Yawanci babba yakan sha bayan awa 6-6, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin abinci, gama abinci yana rage shigarsa jiki. Kada a fasa kafso a barbaɗa kan ciwo. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wanda fenisilin ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko ƙuraje, kada ya sha. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.