Ƙazanta ke cin injin cika harsashi kafin araha ta ci shi

A Amurka da yawa daga cikin maharba da masu wasan harbi ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tagulla ce mai tsada, don haka sukan tara shi su sake cikawa a gida da wani ƙaramin inji na hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur, kuma dokar ƙasar ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa. Tun da wuri in faɗa wa mai karatu na gida cewa a Najeriya ba haka abin yake ba: dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba. Ni gyaran waɗannan injuna na cikin aikina a wani shagon kayan farauta, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce ko mai arahar yana ƙarko.

Yana yi. Kamfanin Lee, wanda Richard Lee ya kafa a 1958 a jihar Wiskonsin, shi ya shahara da masu sauƙin kuɗi, da yawansu zubin alminiyam ne. RCBS kuwa, da Fred Huntington ya fara a 1943 a Kalifoniya, an san shi da injin Rock Chucker na baƙin ƙarfe mai nauyi. Masu saye kan ɗauka cewa nauyin shi ne tsawon rai. Amma a cikin injunan da ake kawo mini, da wuya in ga wanda gangar jikinsa ta tsage. Abin da ke lalacewa shi ne sandar da ke hawa da sauka, da ramin da take bi, da ƙusoshin da ke haɗa ta da mariƙi.

Ga yadda ɓarnar ke shiga. A gindin kowane kwanson da ake sake cikawa akwai ɗan maɓallin da ke tayar da wuta, wato firaima. Duk sa'ad da aka fitar da tsohuwar firaima, toka mai tsakuwa-tsakuwa kan zubo, kuma daidai kan sandar take sauka. Ta haɗu da tsohon mai, sai ta zama baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe. Mai inji ya ji sandar ta fara nauyi, maimakon ya goge sai ya ƙara mai a kan dattin, ya ci gaba da aiki. A hankali ramin ya faɗaɗa, sandar ta soma lilo. Alminiyam ya fi saurin cinyewa, gaskiya ne, amma na ga na baƙin ƙarfe da aka yi wa irin wannan riƙon, shi ma bai tsira ba. Kamar keken ɗinki ne, sai an share kafin a ɗiga mai. Ƙyalle mai tsabta bayan kowane zama, siririn man inji a sanda, ɗan giris a ƙusoshi, shi ke nan. A kula dai kada mai ya taɓa sabuwar firaima ko albarushi.

Abu na biyu mai ɓata inji shi ne ƙarfin tuwo. Idan ba a shafa wa kwanson bindigar farauta nasa man ba, zai maƙale a cikin bututun da ke matse shi, sai mutum ya hau mariƙi da dukan nauyinsa. A nan ne mahaɗin inji mai araha ke karyewa. In hannu ya ji turjiya, a tsaya a duba. Tebur mai rawa ma na taimaka wa ɓarna, a ɗaure injin da noti a katako mai kauri. Tsatsa kuwa ta gareji ce da ɗakin ƙasa mai danshi, rufewa da shafa mai sun wadatar.

Abin da ya fi damuna ba injin ba ne. Yawancin firaima na ɗauke da sinadarin dalma, kuma tokar nan da ke cin sanda ita ke manne wa hannu da tufafi. Wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ya bukatar dogon bayani. Nakan ga mutum yana gyaran inji da kofin shayi a gefe, jikansa na wasa da kwanso a ƙasa. Don Allah a goge tokar da jiƙaƙƙen ƙyalle, kada a hura ta da baki ko da iska, kada a ci abinci a wurin, a wanke hannu da sabulu kafin a shiga cikin iyali, yara kuma a nisanta su da teburin.